Littattafai Biyu a Saman Durowar Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a falonsa na unguwar Glenwood, a zaune kan kujerar da ya saba zama, ga kofin kokonsa ko rabi bai sha ba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, kuma can duk muka nufa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma ya je filin jirgi ya ɗauko ni ranar da na fara taka ƙasar nan da 'yar jakata guda.

Kafin azahar gida ya cika. Mata na ciki wajen Anti, matarsa, ana ta koke-koke, mu maza muna tsaitsaye a waje jikin motoci. Na je zaman makoki da yawa a nan garin Greensboro, na san yadda maganar take tafiya: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, Allah ya sa ya huta. Haka na Kawu ya fara, amma bai kai la'asar a haka ba.

Anti ce ta ce a sauko da likkafaninsa. Kawu ya daɗe da sayen abinsa ya ajiye a saman durowa, kowa a gidan ya sani. Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan zango, wato mu da muka fito daga unguwar Hausawa ta Kumasi, shi ya taka kujera ya miƙa hannu. Maimakon ƙunshi ɗaya sai ya sauko da uku. Ɗaya likkafani ne. Sauran biyun littattafai ne, kowanne an naɗe shi tsaf da farin ƙyalle, har da ƙanshin turare. Da ya warware na farko sai ga littafin Yahudawa, rubutunsu a gefe guda, Turanci a ɗaya gefen. Na biyun littafin Kiristoci ne mai baƙin bango, da gicciye a jiki.

Alhaji ya fito da su bakin ƙofa yana riƙe da su nesa da jikinsa, ya ɗaga wa jama'a. Wani dattijo ya ce, "Ashe." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya kuwa isa. Wani ya ce shi dama ya daɗe da faɗa, ba a saurare shi ba. Wata Hajiya da na gani da idona tana kuka har da majina ta share fuska, ta ɗauki kular shinkafar da ta kawo ta mayar mota. Wani kuma ya ɗauki hoton littattafan da waya. Kafin magariba hoton ya isa Kumasi. Mahaifiyata ta kira ni daga can, ta ce, "Ka faɗa mini gaskiya, yayana a Musulunci ya cika?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kawu bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar ɗa ba. Sunansa kaɗai ya bari, shi ne kuma ake ja a ƙasa tun ranar. Ni ma da hannuna a cikin jan, zan kuma faɗa in na zo wurin.

Fiye da shekara ashirin Kawu ya yi yana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a hanyar Pleasant Garden. Ya yi musu wanka, ya yi musu aski, ya yanke musu farce, ya ba su abinci a baki, ya canza musu shimfiɗa in sun ɓata. Mutanenmu suna raina wannan aikin, suna cewa wankin kashin Turawa. Amma da wannan aikin aka ciyar da rabin waɗanda suka tsaya a ƙofarsa ranar Talatar nan. Falon Kawu ne masaukin duk wanda ya sauka garin nan daga zango. Alhajin da ya ɗaga littattafan, wata huɗu ya kwana a kan kafet ɗin falon nan, Anti na tuƙa masa tuwo, Kawu na kai shi neman aiki a motarsa. Ban taɓa jin Kawu ya yi masa gori ba, ni ne nake yi yanzu, kuma ban ji kunya ba.

Yana da wata ɗabi'a da muke masa dariya a kai. Kawu ba ya ganin takarda mai sunan Allah a ƙasa ya wuce. Haka aka tarbiyyantar da su a makarantar zaure, a ɗauka a kaɗe a soka a jikin bango inda ƙafa ba ta kaiwa. To a nan ƙasar ina bangon? Sai motarsa ta zama bangon. Masu coci kan maƙala 'yan takardu a gilashin mota a bakin kantuna, iska ta zubar, mutane su tattake. Kawu sai ya duƙa da ciwon bayansa ya tsince. In ka buɗe aljihun gaban motarsa sai su zubo maka a cinya. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan fa da Turanci aka rubuta, kuma na Kiristoci ne." Ya dube ni ya ce, "To Allah bai jin Turanci ne?" Har dala ba ya bari ta faɗi ƙasa, wai akwai sunan Allah a jikinta. Anti takan ce masa, "Wannan kam, Malam, ko arne ba ya barinta a ƙasa."

A gidan tsofaffin nan akwai wasu mutum biyu da ɗakunansu ke kallon juna, duka Kawu ke kula da su. Ɗaya tsohon fasto ne, baƙar fata, daga East Greensboro, mai murya kamar ganga. Ɗayan Bayahude ne, ɗan siriri, tsohon malamin makaranta, idonsa ya kusa mutuwa amma bakinsa na nan da ransa. Kawu yana ce musu Fastona da Bayahudena. Kullum bayan karin safe sai ya tura kekunansu zuwa bakin taga ɗaya, ya ɗauko reza da kumfa, su kuma su ɗora daga inda suka tsaya jiya. Musunsu ɗaya ne shekara da shekaru: yaya halin Allah yake?

Sau da yawa na ji da kunnena, ranakun da motarsa ta lalace na je ɗaukarsa. Sauran kuma ranar Lahadi yake ba mu a falo, yana kwaikwayon muryoyinsu da Hausa har Anti ta riƙe ciki.

Fasto yakan ce, a tsohon littafi, na Yahudawa, Ubangiji alƙali ne mai zafi, ya aiko ruwa ya cinye duniya, ya aiko wuta ta cinye gari, ya bi laifin uba har kan jikoki. Sai a nasu littafin ya bayyana a matsayin uba, wanda ɗansa ya lalatar da dukiya a yawon banza ya dawo a tsiyace, uban ya hango shi daga nesa ya ruga ya rungume shi.

Bayahude sai ya kaɗa kai har Kawu ya ɗage reza. Ya ce, "Shekara dubu biyu kuna karanta littafinmu kuna tsallake shafukan rahama. Wa ya ce a bar wa maraya da baƙo gefen gona kada a girbe? Wa ya tura annabi garin maƙiya, suka tuba ya yafe musu, har annabin ya yi fushi don an yafe? Kuma namu Ubangijin ana iya yi masa magana. Wani annabi ya tsaya gabansa yana roƙon ragi kan garin da za a halaka, yana ragewa yana ragewa, bai kore shi ba. Wani bawansa ya rasa 'ya'ya da lafiya, ya ɗaga murya ya kai ƙara, abokansa na ta kare Allah suna cewa lallai shi ya yi laifi. A ƙarshe abokan aka tsawata wa. Wutar da ba ta mutuwa kuwa, Fasto, a naku shafukan na fi cin karo da ita."

Fasto ya ce, "Kai kana son wanda za ka yi wa gardama daga nesa. Ni ina son wanda ya sauko ya ɗanɗani abin da nake ɗanɗana."

Sai su juyo kan Kawu, wai ya raba gardama. Shi kuwa sai ya ce shi wanzami aka ɗauke shi, ba alƙali ba. In sun matsa, ya ce, "Mu a wurinmu shi ne mai rahama, shi ne kuma mai tsananin kamu. Ba mu raba shi biyu, ba mu kuma zaɓi rabi ba." Bayahude ya ce, "Ka ji, yana bayana." Fasto ya ce, "Ai da rahama ya fara, nawa ne." Kawu ya goge musu haɓa ya mayar da kowa ɗakinsa.

Wata rana a mota ya ce mini ya gano bakin zaren. Uban Fasto mutum ne mai duka, da bel ya rene shi, shi ya sa yake neman uban da zai rungume shi. Bayahude kuma danginsa aka hallaka a Turai yana ƙarami, gida guda ba wanda ya saura sai shi da uwarsa. Kawu ya ce, "Wanda aka yi wa haka, in ka hana shi tambaya ai ka kashe shi."

Ban san cewa maganar kansa yake yi tun kafin lokacinta ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yarsa. Ita kaɗai Allah ya ba su, tana karatun nas, saura kaɗan ta gama. Wata babbar mota ce ta bi ta kan motarta da rana tsaka, tana dawowa daga makaranta. Mako ɗaya wurin aiki suka ba Kawu, ya koma. Ya ce mini da ya shiga, Bayahude bai ce masa uffan ba, sai ya lallubo hannunsa ya riƙe, don a al'adarsu mai gaisuwa ba ya fara magana sai wanda aka yi wa rashi ya fara. Da Kawu ya buɗe baki ya ce bai san abin da zai ce wa Allah ba, sai tsohon ya ce, "Ka tambaye shi. Ba zai karye ba." Fasto kuma kuka ya yi ta yi, ya ce Ubangiji ma ya san zafin rashin ɗa. Kawu ya ce masa, "Fasto, nan kam ba ma tare, Allah bai haifa ba. Amma na gode da hawayen."

Ranar addu'ar arba'in ɗin yarinyar aka yi rigimar da ta bi shi har kabari. Bayan an shafa, Alhaji ya miƙe zai yi nasiha. Ya fara da haƙuri, sai ya zarce, ya ce irin wannan ishara ce gare mu iyaye, mu kula da 'ya'ya mata da muke sakewa suna yawo su kaɗai a mota, kai ba ɗankwali, domin Allah ba ya kama bawa haka kawai. Anti na bayan ƙofa tana ji. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ni bayan kowace salla sai na tambaye shi. Na ce, ya Ubangiji, taka ce, ka karɓa, ban musa ba, amma me ya sa ita kafin ni? Har yau bai ba ni amsa ba, ina jira. Kai ya aiko maka da ita ne?"

Alhaji ya ce, "Allah kake tambaya? Wa ya koya maka wannan?" Kawu ya ce, "Wanda nake wa sujada, shi nake tambaya. Wa kake so in tambaya, kai?" Alhaji ya saka takalmi ya fita, mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, abinci na nan a faranti.

Tun ranar aka laƙaba masa suna a bayan ido, wai ɗalibin Yahudawa. Aka daina kiransa suna da ɗaurin aure. Bai fasa sallar Juma'a ba, amma sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallama ya fice. Bai kuma fasa tambayar ba. Sau nawa na shiga na same shi kan dadduma bayan la'asar, hannu a sama, hawaye na bin gemu, yana magana a hankali kamar mai magana da wanda ke zaune kusa da shi. Ba zan ɓoye ba, abin ya riƙa ba ni tsoro. Ban saba jin ana yi wa Allah magana haka ba.

Fasto ne ya fara rasuwa, Bayahude ya bi shi kafin shekara ta zagayo. Fasto ya bar wa abokin musunsa littafinsa, shi ya sa duka biyun suka haɗu a ɗaki ɗaya. Bayahude ba shi da kowa a kusa, sai wani dangi na nesa da ya bugo waya ya ce a kwashe kayan a zubar. Ranar ni na je ɗaukar Kawu. Ban same shi a ƙofa ba, sai a bayan gini, rabin jikinsa a cikin babban mazubin shara, mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Ya fito da littattafan nan biyu, ɗaya miya ta ɓata masa bango. Ya goge da hannun rigarsa. Na ce, "Kawu, me za ka yi da su? In mutane suka gani fa?" Ya ce, "Sunan Allah ne a ciki daga farko har ƙarshe. A bola zan bar shi saboda mutane?" Da muka isa gida ya nemi ƙyalle wajen Anti ya naɗe su, ya taka kujera ya ɗora a wuri mafi tsawo a ɗakin. Ban taɓa ganin ya sake sauko da su ba. Turancinsa ma na baki ne, karatunsa bai wuce na takardar aiki ba.

Iyakar labarin littattafan ke nan. Ni kaɗai ne namijin da ya san shi.

Ranar Laraba da safe aka kai shi masallaci. Mutane sun zo da yawa, amma rabi kallo ya kawo su. Limaminmu sabo ne a garin, daga Najeriya aka ɗauko shi, bai san Kawu ba. Alhaji ya ja shi gefe ya nuna masa hoton a waya, ya ba shi labarin tambayar da Kawu ke yi wa Allah. Liman ya dawo gaban jama'a, makara na ajiye, ya ce, "Wa ya fi kusa da mamacin?" Aka nuna ni. Ya ce, "Malam, kai ka zauna da shi. Me ka sani game da addininsa?"

Ido ya yi mini yawa. Na hango Alhaji, na hango iyayen yaran da 'ya'yana ke zuwa Islamiyya tare da nasu, na tuna sunan da aka laƙaba wa Kawu da yadda ya manne masa shekara bakwai. Na kuma tuna muryarsa a kan dadduma, da tsoron da take ba ni. Maganar mazubin shara na nan a bakina, jimla uku ce kacal. Sai na ji kaina na ce, "Allah ne masani."

Gaskiya ce, ai Allah ne masani. Amma kowa a wurin ya fahimci abin da na yi, ni ma na fahimta. Liman, Allah ya saka masa, ya ce mutumin da aka gani yana salla Musulmi ne, zuciya kuwa ba tamu ba ce, ya ce a tayar da sahu. Sai dai kafin ya rufe baki mutane sun fara zamewa, wannan ya tuna aiki, wancan waya ta kira shi. Mu tara muka rage. Liman ya ce mu tsaya uku-uku don a samu sahu uku. Haka aka sallaci mutumin da falonsa ya kwanar da rabin zangon garin nan.

Kwana arba'in na yi ina zuwa gidan, in kai cefane, in gaishe da Anti daga bakin ƙofa tana takaba, ta amsa, shi ke nan. Ba ta tayar da maganar ba. Na san an faɗa mata, don a garin nan ba abin da ke kwana.

Ranar addu'ar arba'in mata suka dafa abincin mutum hamsin. Waɗanda suka zo ba su cika kujerun falo ba. Bayan an shafa na miƙe, na ce ina da magana. Na faɗi komai: takardun cikin mota, tsofaffin nan biyu, mazubin shara, ƙyallen da ya nema. Na ce na shaida Kawu Musulmi ne, ya rayu yana salla, ya mutu yana salla. Suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya jiƙansa. Su ne dai mutanen da suka tsaya uku-uku, waɗanda ba su taɓa buƙatar in faɗa musu ba. Waɗanda ya kamata su ji suna gidajensu.

Da kowa ya watse na tsaya tattara faranti. Anti na zaune a kicin, carbi a hannu, ga tukwane cike ba a taɓa ba. Na durƙusa na ce, "Anti, ki yafe mini."

Ta ajiye carbin a cinya. Sannan ta ce, "Ni me ka yi mini? Tashi." Na ƙi tashi. Ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Kawunka shekara bakwai yana tambaya ba a amsa masa ba, bai bar ƙofar ba ko na yini ɗaya. Kai sau ɗaya aka tambaye ka, kuma kana da amsar."

Ta ce in kwashi abincin in kai wa yara kada ya lalace. Na kwasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da 'yarsa, ya ba shi amsar da ya jira. Inda ya tafi an san shi, ba a neman shaidata a can. A nan aka neme ta, ranar Laraba da safe, gawarsa na gabana, na hana shi.